Anti Ƙugiya da Baƙin da Suka Koma Baki

Shagon buga takardu ne mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, a jerin shagunan da ke fuskantar tashar mota. Kana shiga, injin fotokwafi zai fara tarbarka da zafinsa, sai kantar Oga a hannun dama, sannan can ƙurya, ƙarƙashin wata fanka da ke juyawa kamar roƙonta ake yi, ga teburin matar da duk layin ke kira Anti Ƙugiya. Shekara ashirin da shida ke nan tana zaune a wurin. An sake fentin shagon sau huɗu, an sake firinta sau bakwai, Oga kansa ya tashi daga mai suma ya koma mai sanƙo, ita dai tana nan daram.

Sunan ba na zagi ba ne, kuma ita ma tana amsa shi da fara'arta. Lokacin da ta fara aiki tana 'yar shekara ashirin da biyu, tafireta ake yayi, ita kuwa tafireta ba ta san akwai Hausa a duniya ba. Babu ƙ a cikinta, babu ɗ, babu ɓ. Sauran masu bugu ba su damu ba, sukan buga k da d da b su miƙa wa mai takarda, shi ya san yadda zai yi. Ita kuwa idan ta zaro takarda daga inji, sai ta ɗauki baƙin biro ta bi layi-layi tana ɗora wa kowane harafi ƙugiyarsa. Idan mai takarda ya ce yana sauri, sai ta dube shi ta saman tabarau.

"Kura da ƙura ɗaya ne a wajenka? Ɗaya tsintsiya ke korarta, ɗayar kuwa ita za ta kore ka. Zauna, minti biyu ne."

Da kwamfuta ta zo, cikin sati guda ta iya ta, amma halin bai bar ta ba. Laluben haruffan nan a cikin kwamfuta ɓata lokaci ne a ganinta, don haka sai ta buga su gundul, ta fitar a firinta, biro ya ƙarasa aikin. Har hannunta ya saba, yana yi shi kaɗai. Tana iya yi wa mutum faɗa a kan rubutunsa na tsutsa, idonta na kansa, hannun kuma yana can yana rataya ƙugiyoyi bai tsallake ko ɗaya ba.

Da wannan teburin ta taya mijinta riƙon gida har yaransu uku suka kama gabansu. Shi direban motar makaranta ne da ya ajiye aiki, mutum mai tsokana wanda bai taɓa barin magana ta wuce shi a banza ba. Ta buga wasiƙun neman aiki na rabin unguwa, ta buga takardun sayen fili, ta buga littafin wani malami sau uku don kullum sai ya sake ra'ayi. Ta san wanda ya nemi aiki bai samu ba, ta san wanda ya nemi afuwar matarsa a rubuce, kuma ba a taɓa jin ko ɗaya a bakinta ba.

Sai duniya ta juya. Kowa ya koma rubutu a wayarsa, ya zo shago kawai a fitar masa. Wuni guda sai ya wuce Anti ba ta buga shafi biyar ba. Oga mutum ne da ba ya iya kallon idon mutum idan zai faɗi magana mai nauyi, don haka ranar da ya kira ta, injin fotokwafi ya yi ta gogewa da tsumma alhali ba abin da ya same shi.

"Anti, ke ma dai kina gani. Yanzu duk wanda ya leƙo, shafin intanet yake so a haɗa masa. Jiya mutum biyu na mayar. Dole in nemo wanda ya iya, kuma kin ga shagon, teburi ɗaya ne."

Maganar ta soke ta, ba ƙarya. Ba ta taɓa tunanin safiyar da za ta tashi ba ta da inda za ta ba. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar.

"Shi wanda za ka kawo ɗin, da iyawarsa aka haife shi?"

"A'a, koya ya yi."

"To ba ni wata uku."

Oga ya amince, kuma ina kyautata zaton don ya huta da maganar ne a ranar, ba don ya yarda za ta iya ba.

Abin da ya fara ba ta mamaki shi ne, ashe ilimin yana nan zube a intanet kyauta, ba mai gadi. Ta sayi ƙaramin littafi mai jan bango ta riƙa rubuta adireshin duk shafin da ya amfane ta, kuma da yake sunayensu na Turanci ba sa zama a kanta, sai ta raɗa wa kowanne nata. Akwai Makarantar Kyauta, inda kake rubuta umarni a gefen hagu, sakamakon ya fito nan take a gefen dama. Ranar da ta rubuta layi ɗaya ta ga kalmar “sannu” ta koma ja ƙatuwa, sai da ta yi tafi ita kaɗai, wani da ya zo fotokwafi ya ja da baya. Akwai Malam Mai Haƙuri, wani mai koyarwa ta bidiyo da take mayar da shi baya sau goma bai taɓa tsaki ba. Akwai Kantin Fenti, mai nuna launukan da suka dace da juna, wanda ya raba ta da niyyarta ta haɗa kore da ruwan hoda. Akwai inda ake samun hotuna na halak ba na sata ba, da inda ake matse hoto ya rage nauyi don kada ya cinye wa mutane data. Akwai Rumbun Haruffa, mai salon rubutu ɗari-ɗari. Sannan akwai wanda ta sa wa Dandalin Masu Tsawa, inda idan ka yi tambaya sai mutum uku sun fara gaya maka an taɓa yin ta, kafin na huɗu ya tausaya ya ba ka amsa.

Shekarun tafireta ba su tafi a banza ba. Yara masu koyo sukan manta rufe baka ko su bar waƙafi, komai ya rushe, su wuni suna nema. Ita kuwa matar da ta shekara ashirin da shida tana farautar ƙugiya, ɗigo ɗaya ba ya ɓuya mata. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da layin ke yin tsit, nan take karatunta. A gida kuma mijin ya daina kiran ta Maman yara, ya koma Injiniya.

"Injiniya, a taimaka a duba mana tukunyar nan, ko ita ma sai an latsa mata wani abu?"

"Ka yi ta yi. Ranar da na gama, kai ma sai na buɗe maka shafi, mu ga ko akwai mai neman tsohon direba."

Saura sati uku wa'adinta ya cika aiki na gaske ya shigo. Wata Hajiya ce mai masaukin baƙi na ɗaki goma sha biyu a bayan tasha, mace mai jiki da murya, wadda ba ta zama idan ta shigo wuri sai dai wurin ya zauna mata. Tana son shafi mai hotunan ɗakuna da lambar waya, kuma da Hausa, don masu sauka a wajenta 'yan kasuwa ne da direbobi. Oga ya buɗe baki zai ce babu mai yi, Anti ta riga shi.

"Bismillah Hajiya, ga kujera."

Kwana shida ta yi a kan aikin. Ta je da kanta ta ɗauki hotunan ɗakunan da safe lokacin da haske ke shiga ta taga, ta sa aka kawar da wani bokiti da ya nace sai ya fito a kowane hoto. A Rumbun Haruffa ta tsinci wani salon rubutu mai kyan gaske, mai 'yar ƙiba da lanƙwasa, kusan irin na allon da ke ƙofar masaukin. Sai dai da ta gwada ƙ a cikinsa, wani ɗan akwati fanko ya fito a madadinta. Ta gwada ɗ, akwati. Ta ce a ranta, ba komai, a buga gundul tukuna, a gyara daga baya, kamar dai yadda ta saba.

Ranar da Hajiya za ta zo dubawa, Anti ta fitar da shafin a takarda don a gani da kyau. Suna cikin hira da Oga a kan tawadar firinta, hannunta ya ɗauki biro ya yi abin da ya saba. Ko ita ba ta san ya yi ba. Hajiya ta zo ta karanta, ta ga komai tsaf, babban layin sama yana cewa: “Kawo mana baƙinka, ka ga kulawa.” A ƙasa kuma: “Mun ƙware wajen kula da baƙi.” Ta yi murmushi har kunne, ta ce a sake shi a intanet yau-yau. Anti ma ta sake bin takardar da ido, ta ga kowace ƙugiya a mazauninta, hankalinta ya kwanta. Aka saki shafi.

Kwana uku bayan nan, da hantsi, sai ga Hajiya ta faɗo shagon, waya a hannu, mayafi na neman zamewa.

"Baiwar Allah, asibiti na ce ki buɗe mini?"

"Asibiti kuma, Hajiya?"

"Tun shekaranjiya mutum huɗu! Wani haƙorinsa ke rawa, wata dasashinta ke jini. Yau da safe wani dattijo ya zo har ƙofa da kumburarren kumatu, ya ce ɗansa ya gani a waya wai mun kware wajen kula da baki. Na ce masa ɗaki muke bayarwa, ya ce to a ba shi ɗakin, likitan ya same shi a ciki!"

Ta miƙa wayar. Anti ta karanta: “Kawo mana bakinka, ka ga kulawa.” Ta jawo takardar daga aljihun tebur ta ajiye kusa da wayar, ta dubi wannan, ta dubi waccan. Ga shatin biro nan ƙarara a kan takarda. Ita, Anti Ƙugiya, wadda ta hana rabin unguwa sakat a kan harafi ɗaya, ita ce ta saki shafi tsirara a gaban duniya. Kunya ta rufe ta. Wani mai jiran fotokwafi da ke tsaye ya ƙunshe dariya ta ƙi ƙunsuwa. Oga ya ɗauki tsummansa ya nufi inji, kuma wannan ya fi mata ciwo a kan faɗa.

"Laifina ne, Hajiya," in ji ta. "Ba na inji ba ne, ba na Oga ba. Ki ba ni awa ɗaya."

Cikin awa ɗayar ta koma Rumbun Haruffa, ta gano ashe akwai wurin da za ka rubuta kalmominka ka ga salon da ya iya su kafin ka ɗauka. Ta rubuta “ɓaure, ɗaki, ƙofa”, ta zaɓi wani salo marar kwalliya da ya fito da su lafiya, ta sauya. Masu ciwon haƙori suka daina kira. Sai dai Hajiya ba ta gamsu ba.

"Wannan ai rubutun takardar magani ne. Ni wancan mai kyan nake so, irin na allona. In ba zai yiwu ba ki gaya mini, in kai aikina wani wuri."

Saura kwana goma sha biyu. A gida mijin ya so ya yi tsokana, har ya dafe kumatu ya ce "Likita, a duba ni," amma da ya ga fuskarta sai ya sauke hannun, ya je ya haɗo mata shayi.

Washegari ta shiga Dandalin Masu Tsawa ta rubuta tambayarta da Turancinta na wasiƙun ofis, har da gaisuwa a sama da “taku mai biyayya” a ƙasa. Na farko ya ce a daina gaisuwa, a tafi kai tsaye. Na biyu ya ce an yi irin tambayar shekara tara da suka wuce. Na uku ya gyara mata waƙafi, ita! Na huɗu ne ɗan albarka. Ya ce salon nan na kyauta ne, wata mata ce ta zana shi, kuma tana da shafi inda ake kai mata ƙorafi, a gwada.

Anti ta rubuta wa matar, ba tare da ta sa rai ba. Mutumin da ke wata ƙasa mai nisa, bai san ka ba, bai ci naka ba, me zai sa ya kula ka? Kwana biyu sai ga amsa. Mai zanen ta ba da haƙuri, ta ce ba ta taɓa sanin miliyoyin mutane na rubutu da waɗannan haruffa ba. Ta gwada zana su, ga hoton gwajin, amma ba ta da tabbas: ta ina ƙugiyar ke lanƙwasawa, kuma yaya girmanta?

Anti ta buɗe hoton ta yi salati. An ɗora wa ƙ wata ƙatuwar ƙugiya kamar mariƙin lema, ta ɗ kuma ta juya baya. Nan fa aka zo gidanta. Ta share tebur, ta ɗauki farar takarda, ta zana kowane harafi babba da ƙarami, sau goma-goma. Ta ja kibiya tana bayani: wannan kada ta wuce tsayin l, wannan ta dama take kallo, wannan idan ta yi kauri za ta rikiɗe ta zama wani abu daban a ƙaramar waya. Ta ɗauki hoto ta aika. Sau uku suna musayar gyara, kuma sau uku Anti na mayar da aikin, don ba ta iya cewa abu ya yi alhali bai yi ba, ko da kyauta ake mata. A na huɗu ta rubuta kalma ɗaya: “Madalla.” Matar ta tambayi ma'anarta.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika sabon salon ya fito a Rumbun Haruffa, kowa na iya ɗauka. Anti ta sauya shafin masauki, ta duba a kwamfuta, ta duba a wayarta, ta karɓi ta Oga ta duba, ta fita ta ari ta mai gyaran taya ta duba. Ko'ina baƙi sun koma baƙi. Hajiya ta zo ta gani, ta juyo wajen Anti.

"Yanzu wata can a wata duniya ta zauna ta yi wannan saboda masaukina?"

"Saboda duk mai rubuta Hausa, Hajiya. Naki ne dai ya fara sawa."

"To ƙanwata mai ɗinki na son irinsa. Da mai gidan burodin kusa da ni. Gobe zan turo su, kuma wajenki, ba wajen kowa ba."

Da ta fita, Oga ya daɗe yana jan aljihun kantarsa yana mayarwa. Can ya zaro wata takarda a ninke, rubutun hannu, ya zo ya tsaya a gaban teburinta, abin da bai cika yi ba.

"Ta sallamarki ce. Tun ranar masu haƙori na rubuta ta. Na rasa wanda zai buga mini, don ke kaɗai ce mai bugu a shagon." Ya yi 'yar dariyar jin kunya. "Kawo dai in yaga, ban san ma me ya sa na nuna miki ba."

Amma ta riga ta karɓa ta buɗe. Sakin layi na farko shi ne abin da ta zata, gajere, a bushe. Na biyun ne ya tsayar da ita. A ciki Oga ya rubuta cewa a shekara ashirin da shida bai taɓa zuwa ya tarar da shago a rufe ba, bai taɓa jin sirrin mai takarda ya fita ba, kuma duk mutuncin da shagon ke da shi a layin nan, nata ne ya ara. Bai taɓa faɗa mata ko rabin wannan da bakinsa ba. Ta karanta sau biyu, idonta ya kawo ruwa, ba ta kuma ɓoye ba.

"Ba za a yaga ba," ta ce.

"Me za ki yi da takardar sallama, Anti?"

Ta tashi ta je wajen wuƙar yanka takarda, ta daidaita shafin a kan layi, ta sauke hannun wuƙar sau ɗaya. Ta miƙa masa rabin sama.

"Ga naka. Wannan kuma nawa ne."

Ta ninke rabin ƙasan ta sa a jaka, ta koma kujerarta ta jawo allon madannai, ta ce masa idan zai fita ya sayo tawada, don gobe akwai aiki.